Limamin Jana'iza: Kabbara 4 Kawai Ake Nema a Wurinsa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka tako da ƙafarsu da waɗanda suka bugo waya, duk mun gode, Allah ya bar zumunci. Yau kwana 9 da rasuwar Baffa, an tashi daga zaman makoki, amma akwai abin da ya tokare mini ƙirji, na rasa inda zan sauke shi sai nan.

Baffa ya cika ne da asuba. Muka zauna muka sa jana'iza ƙarfe 2, saboda Yaya, babban ɗansa, yana Kaduna, kuma tun da aka buga masa waya ya kamo hanya. Aka sanar a masallaci, aka watsa a waya, ƙarfe 2. To ana sallame azahar, 1 da rabi ta ɗan gota, sai liman ya ce a fito da gawa, ana jiransa a wani wuri. Kafin mu ankara an ajiye makara an ta da kabbara. Wallahi tsakanin kabbara da kabbara ko salatin Annabi ban kai ƙarshensa ba, balle in roƙa masa gafara. Ban duba agogo ba, amma sallar nan ba ta kai minti 2 ba. Yaya ya iso 2 saura 5, ya tarar da tabarmi. Ya bi mu maƙabartar Dandolo da ke nan Kano ya samu ana mayar da ƙasa.

Mutumin nan ya fi shekara 30 a sahun farko na masallacin nan. Shi ne mai sayen man janareta duk azumi. Tambayata ga masana: wanda zai ja sallar gawa, kabbara 4 da sallama ne iyakar aikinsa? Babu wani haƙƙi na mamaci da na iyalansa a wuyansa?

Maman Walid:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa can ta fi nan. Abin da ciwo.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta masa. Amma Yaya Abba, a yi wa liman adalci. Annabi (SAW) cewa ya yi a gaggauta da jana'iza, in ta kirki ce alheri kuke kai ta gare shi, in akasin haka ce sharri kuke saukewa daga wuyanku. Hadisin yana Bukhari da Muslim. Mutum ya cika da asuba, a ce har ƙarfe 2 yana kwance a ɗaki cikin wannan zafi? Jiran na Kaduna ɗin ma abin dubawa ne.

Ɗan Kwari:
Malam Abu, wannan hadisi sai a kan gawar talaka ake tuna shi. In mai kuɗi ne, liman da kansa zai tsaya a rana awa guda ana jiran jiniyar manya, ba wanda zai ce uffan. A ɗauko shi a mota, a miƙa masa lasifika, ya ja addu'a har muryarsa na rawa. In ɗan dako ne ko mai gadi, na'ibi ma sai an bi sawunsa. Ba labari aka ba ni ba.

Malam Na-Zaure:
Allah ya jiƙan Alhaji, na san shi, mutumin kirki ne.

Abu Sumayya, hadisin da ka kawo haka yake. Sai dai gaggawar da ake nufi ita ce kada a ajiye gawa babu dalili, ba a fizgi sallar ba. Sannan alkawari kaya ne. Da aka ce ƙarfe 2, akwai wanda ya rufe shago a kasuwa, akwai wanda ya taso daga Bichi, duk da 2 suka auna tafiyarsu. Wanda ya sallaci gawa yana da ladan ƙiraɗi 1, wanda ya raka har aka binne yana da 2, kowanne kamar dutsen Uhudu. A Sahihu Muslim kuma ya zo cewa in mutum 40 da ba sa shirka suka tsaya a kan gawa, Allah yana karɓar cetonsu a kanta. Ka ga duk mutum ɗaya da aka bari a hanya, asarar ta wanda ke cikin makara ce.

Ita kanta sallar me ke cikinta? Ba ruku'u, ba sujada. Addu'a ce tsagwaronta. In ka zare addu'ar, tsayuwa kawai aka yi. Sahabi Aufu ɗan Malik ya ce ya ji Annabi yana yi wa wata gawa addu'a, Allahummagfir lahu warhamhu wa afihi wa'afu anhu, har ƙarshenta, sai da ya yi burin ina ma shi ne mamacin. To nan ake auna limami. Wanda ya iya aikin shi ne wanda na bayansa zai ce a ransa, Allah ka sa ranar tawa wannan ne zai tsaya a kaina.

Ga wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ya fi cancanta ya ja sallar gawa shi ne wanda mamacin ya yi wasiyya da shi, sai halifa, sai mafi kusa cikin dangi ta wajen uba, ɗa kuwa shi ne a gaba. Wato Yayanku da aka ƙi jira shi ne mai limancin tun asali. Limamin unguwa aro muke ba shi, kuma mun ba shi aron ne don yawancinmu ba mu iya ba.

Abban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, ka fama mini ciwo amma ka wanke mini zuciya. Sai dai in faɗi gaskiya, ko da Yaya ya iso ba na jin zai iya shiga gaba. Digiri 2 gare shi, amma addu'ar gawa ban ce ya haddace ba. Ni ma haka.

Na'ibi:
Salamu alaikum. Ni dai shekara 14 ina na'ibci a wani masallacin unguwa, ba naku ba, don haka ba kare kaina na zo yi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Limamin unguwa ba albashi gare shi ba. Yana da sana'arsa, yana da iyali. Akwai ranar da na sallaci gawa 3 tsakanin hantsi da la'asar, ko ruwan leda ba wanda ya miƙo mini, kuma ban nema ba, don Allah ake yi. Amma ku san me muke gani. Iyalai su ce ƙarfe 10, ka bar abin da kake yi ka zo, sai a ce a dakata akwai wanda jirginsa ya taso daga Abuja. Tsofaffi suna tsaye a rana, masu haƙa sun gama tun safe suna jira, wasu su gaji su watse. In ka yi magana a ce ba ka da tausayi. In ka yi shiru a ce ka riƙe mutane. Wata rana jira ya kai mu har rana ta yi ja, lokacin da mu a karatunmu ba a so a sallaci gawa sai da lalura.

Alhaji Abba, ina da tambaya, kada ranka ya ɓaci. Da kuka sa ƙarfe 2, akwai babba a cikinku da ya taka ya gaya wa liman da bakinsa cewa ɗan marigayi ake jira?

Abban Hanifa:
Yaro muka aika ya gaya wa ladan lokaci. Dalilin kam ba mu faɗa ba.

Na'ibi:
To ka gani. Ban ce ya yi daidai ba. Ya kamata kafin ya shiga gaba ya waiwayo ya ce, ina waliyyan gawa, kowa ya hallara? Ni ban taɓa ta da kabbara ban yi wannan tambaya ba. Amma ku ma kun bar ƙofa.

Ɗan Kwari:
Ai a garin nan in ka ce bayan azahar ba ka ce komai ba. Azahar ɗin wa? Wani masallacin ƙarfe 1 ya idar, wani sai 2 da rabi ake kiran salla. Na taɓa rasa jana'izar maigidana na kasuwa a haka.

Abu Sumayya:
Tunda an shigo gyara, a gyara duka. Limamai da yawa ba sa karanta Fatiha a sallar gawa, alhali Ibnu Abbas ya karanta ya ce sunna ce, yana cikin Bukhari. Kuma wajen tsayuwa, daidai kan namiji ake tsayawa, mace kuma tsakiyarta. Mu a nan an juya abin.

Malam Na-Zaure:
Ba juyawa aka yi da ka ba, ɗana. Abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ke nan: tsakiyar namiji, kafaɗun mace, kuma Malikawa ba sa ganin karatun Fatiha a cikinta. Naka ma da hujjarsa, Shafi'awa a kansa suke. Wanda ya bi wannan sallarsa ta yi, wanda ya bi wancan ta yi. Saɓanin ya girme mu da shekaru ɗaruruwa. Abin da ba malamin da ya yarda da shi shi ne a yi kabbara 4 a numfashi ɗaya.

Shugaban Zaure:
Don Allah kada a mayar mana da zancen na Izala da Ɗariƙa. Mun sha wannan a bara, mutum 6 suka fita daga zaure.

Baban Gwale:
Shugaba, ka yi haƙuri, amma wannan ɗin ma yana cikin ciwon. Ni ɗan shekara 71 ne. Watan jiya muka kai wani abokina, an gama rufewa, an yayyafa ruwa, sai wani matashin malami ya karɓe wurin. Minti 25 yana magana, rana na dukan ƙeyarmu. Ba tsoron Allah ya tunatar da mu ba, zagin masu sadakar uku da ta bakwai ya yi, ga 'ya'yan mamacin a tsugune a gabansa, ya san gidan masu yi ne. Babban ɗan ya miƙe zai tanka, da ƙyar muka danne shi. A bakin kabarin ubansa fa. Na kuma ga kishiyar haka a wani wuri, malami ya mayar da addu'ar makoki habaici ga waɗanda ba sa ɗaga hannu. Duka biyun ba mamaci ne a gabansu ba, taro suka samu a ɓagas.

Da can ba haka muka taso muka gani ba. Liman zai ce a yi salati, a karanta Ƙulhuwallahu, a shafa, ya ce wanda yake bin marigayi bashi ko marigayi yake binsa ya ga wane. Shi ke nan. Na ga jana'izar Malam Aminu a 1983, Gwammaja ba masaka tsinke. Na ga ta Sarki Ado a 2014, daga Ƙofar Kudu har Nasarawa mutane ne. Ban riƙe ko kalma ɗaya da wani ya faɗa a ranakun nan ba. Kukan mutane na riƙe.

Malam Na-Zaure:
Baba, tunatarwa a maƙabarta tana da asali. Hadisin Barra'u ɗan Azib mai tsawo, wanda ya kawo yadda ake zare ran mumini da na kafiri, a bakin kabari Annabi ya faɗe shi, suna zaune ana jiran a gama haƙa. Ana jira fa, ba tsare mutane aka yi ba. Bayan binnewa kuwa abin da Sayyidina Usman ya ruwaito gajere ne: ku nema wa ɗan'uwanku gafara, ku roƙa masa tabbata, yanzu ake tambayarsa. Mu kuma a daidai wannan lokacin ne kowa ke karkaɗe rigarsa yana neman mai adaidaita.

Sanarwar bashi da ka ambata, ita ma aikin mai jagora ce, kuma ba ƙarama ba. Annabi yakan tambaya ko akwai bashi a kan mamaci kafin ya sallace shi. Akwai wanda ya ƙi sallata sai da Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyansa. Yanzu an mayar da ita kamar waƙa, a faɗa da sauri, ba a ma nuna wanda za a gani ba.

Maman Walid:
Ku maza kuna ta zancen waje. Mu da muke cikin gida fa? Ana fita da makara an gama da mu. Lokacin da maigidan yayata ya rasu, kwana 7 malamai suna ɗaga hannu a ƙofar gida, ba wanda ya aiko ko ta bayan labule ya gaya mata yadda takaba take. Tsofaffi suka karɓe ta. Wannan ta ce ta riƙe wuƙa duk inda za ta, waccan ta ce ba wanka sai Juma'a, wata ta ce kada ta ɗaga murya. Yarinya 'yar shekara 26 da goyo. Sai da malamar Islamiyyarmu ta zo ta ce wata 4 da kwana 10 ne, ta bar ado da turare, ta kwana a ɗakinta, amma ta yi wanka ta yi tsafta, in lalura ta kama ta fita asibiti ta fita. Wallahi ajiyar zuciyar da ta yi har yau ina jin ta.

Hajiya Inna:
Sannunku. Ni ba na iya rubutu da sauri, jikata ce ke buga mini.

Kuna ta liman liman. Liman minti nawa yake yi da gawa? Mu da muke wanka mu ne muke ganin mutum a ranar da ba ya iya rufe kansa. Na fi shekara 30 ina wankan gawar mata, a wurin uwar mijina na koya, Allah ya jiƙanta. Abin da ta fara gaya mini ba yadda ake zuba ruwa ba ne. Cewa ta yi, abin da idonki ya gani a ɗakin nan, a ɗakin nan za ki bar shi.

Aikin ba wuya gare shi ba. A rufe al'aura da zane, a naɗe hannu da ƙyalle, a matsa ciki a hankali, a tsarkake ta, a yi mata alwala, a fara da dama. Sau 3, in bai isa ba 5, mara dai. Ruwa da garin magarya, na ƙarshe a sa kafur. A tsefe kai a yi mata kalba 3 a mayar baya. Malamai sun ce haka Annabi ya umarci matan da suka wanke 'yarsa. Ruwan kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, kamar mai rai za ki yi wa. Ni har magana nake yi a hankali in zan juya ta.

Amma yanzu sai ka ga ɗaki ya cika da mata 8, kowa na leƙe. Kafin a ɗinke likkafani labari ya kai bakin rijiya, wai gawar wance ta yi baƙi, wai ta yi nauyi, wai ta ƙi miƙewa. 'Ya'yanta su ji. Wata kuma ta zaro waya ta ɗauki fuskar, wai tana murmushi, a sa a waya duniya ta gani. Ni in na shiga, mutum 2 nake bari, mai zuba ruwa da mai taya ni juyawa. Sauran in kore su, ko uwar gida ce. An ce ina da faɗa. To.

Sista Asibiti:
Allah ya ƙara lafiya Inna. Bari in sa baki a kan wannan baƙi da ake faɗa, don ya raba zumunci a gidaje. In zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, wurin ya yi duhu. Wanda ya cika a kife, fuskarsa ce za ta nuna. Sandarewa kuma bayan 'yan awanni take farawa, daga muƙamuƙi da wuya take somawa, shi ya sa ake rufe ido a ɗaure haɓa a miƙar da gaɓoɓi tun da wuri. A zafin Maris da Afrilu, da Kano ke haura digiri 40, komai sauri yake yi. Wannan jiki ne, na salihi da na fasiƙi duk haka suke yi. Mai wanka in ba ta san wannan ba sai ta yanke wa baiwar Allah hukunci.

Abu Sumayya:
Wannan gaskiya ne. Inna, akwai hadisi a kan aikinku, wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri Allah zai gafarta masa sau 40.

Hajiya Inna:
Allah ya sa mu dace, ɗan nan.

Bakanon Ingila:
Ina ta bibiya daga nesa. Allah ya jiƙan Baffa. Bari in ba ku abin da na gani a nan, ba don a kwaikwaya ba. Wata abokiyar aikina Baturiya ta rasu, muka je. A nan sai a yi mako 2 ko fiye kafin jana'iza, kuma yawanci ƙonawa suke yi. Matar ba ta zuwa coci, saboda haka ba fasto aka kira ba. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jagorantar jana'iza, ana biyansu. Wadda aka ɗauko ba ta taɓa ganin marigayiyar ba, amma ta je gidan ta zauna da 'ya'yan, ta tambayi tarihinta, ta rubuta. Ranar taron, cikin kamar rabin awa, ta kira sunan kowane jika ba ta yi tuntuɓe ba, ta san inda za ta yi shiru ta bar mutane su share hawaye.

Na fito ina cewa alhamdu lillahi da Musulunci, mu namu a yini ɗaya an sallace shi an kai shi, da addu'a ba da kiɗa ba. Amma wani abu ya tsaya mini. Wannan don kuɗi ta yi, ta san sunan jikoki. Mu da muke yi don Allah, na taɓa tsayawa a sahu a gida, liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai ya waiwayo ya ce, af, mace ce ko namiji?

Ɗan Kwari:
Gara shi ya tambaya. Wani sai an idar ake gaya masa.

Abu Sumayya:
Yaya na Ingila, a yi hattara. Tsayawa ana jero tarihin mamaci da kirari ba namu ba ne. Abin da zai amfane shi addu'a ce.

Malam Na-Zaure:
Kirari da kururuwa irin na jahiliyya an hana, haka ne. Amma shaida daban. An wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata suka kushe, ya ce ta tabbata. Ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shi ya sa Bahaushe in ya dawo daga jana'iza yake cewa wane ya samu shaida. Liman ya ce, jama'a wannan bawan Allah mun san shi a sahun farko, ku yi masa addu'a da gaske, wannan ba kirari ba ne. Jimla ɗaya ce, amma sai wanda ya san mamacin zai iya faɗinta.

Ɗan Kwari kuma, zancenka na talaka da mai kuɗi, ka tuna matar nan mai sharar masallacin Annabi. Ta rasu aka binne ta ba a gaya masa ba, kamar an raina lamarinta. Da ya neme ta aka faɗa masa, ya ce ku nuna mini kabarinta, ya je ya sallace ta a can.

Abban Hanifa:
Malam, ke nan Yaya zai iya zuwa ya yi masa salla a kabari?

Abu Sumayya:
Ƙwarai kuwa, hujjar ke nan Malam ya kawo da kansa.

Malam Na-Zaure:
Ka kama ni. A wurin Malikawa wanda aka riga aka sallata ba a so a maimaita masa. Shafi'awa da Hambalawa sun yarda, da wannan hadisi. In ya yi ban ce ya yi laifi ba. In bai yi ba, ya je ya tsaya ya yi wa mahaifinsa addu'a iya son ransa, wannan ba mai hana shi, kuma addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa 3 da ba sa yankewa.

Baban Gwale:
Kafin a tashi, a tuna da masu haƙa. A 2020, wajen azumi, lokacin da aka kulle gari dattawa suka yi ta tafiya, kowa yana tsoron kowa, su ne suka kwana suka yini da diga a hannu. Mai haƙa da ya san aiki shi zai duba alƙibla, ya fitar da 'yar kabari daidai jikin mutum, ya jera itace ya toshe da ɗanyar ƙasa yadda damina ba za ta buɗe ba. In ya yi algus, ruwan Agusta zai tona. Amma in an gama sai ka ga masu manyan riguna suna ciniki da shi kamar za su sayi tumatir.

Shugaban Zaure:
To jama'a, magana ta yi tsawo, kuma na ga bakin kowa ya zo wuri ɗaya: ba mu iya ba. Mu 140 ne a zauren nan. Wanda ya san zai iya wanke mahaifinsa, ya haɗa shi, ya shiga gaba ya sallace shi, ya ɗaga hannu.

Na'ibi:
Ni.

Abu Sumayya:
Sallar zan iya. Wankan a littafi kawai na sani, ban taɓa sa hannu ba.

Ɗan Kwari:
Ni ko ɗakin ba na iya shiga, ƙafata rawa take.

Shugaban Zaure:
Awa 3 da tambaya, mutum 1 da rabi. Allah ya gafarta Malam, za ka ba mu Asabar bayan la'asar? Inna kuma ta ɗauki mata a cikin gida.

Malam Na-Zaure:
Na ba ku, da sharaɗin Abu Sumayya ya zauna kusa da ni, in na faɗi na Risala ya faɗi nasa, kowa ya ji duka biyun. Na'ibi ya nuna wankan a aikace. A zo da buta 2 da bokiti.

Hajiya Inna:
A samo mini babbar 'yar tsana ko filo dogo. Kuma ba mai shigo mini da waya.

Ɗan Kwari:
Alawayyo yadi 10 a wuyana, na koyon yankan likkafani. Amma ni daga bakin ƙofa zan tsaya.

Abban Hanifa:
Jiya da daddare na je wurin liman, ni da Kawu. Ya ce wallahi bai san ana jiran kowa ba, wata gawar ce ke jiransa a wata unguwa. Ya ba da haƙuri. A kan saurin sallar kuwa bai ce komai ba, ni ma ban iya tayarwa ba, ya haife ni. Yaya dai har yanzu a wani masallacin yake salla. Na tura masa abin da Malam ya rubuta, ya karanta, bai ba ni amsa ba. Da safen nan aka ce mini ya fita tun 6 da rabi, ya ce Dandolo za shi.

Shugaban Zaure:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu ake sanar da ni rasuwar mahaifiyar ɗaya daga cikinmu, mai shagon ɗinki na bakin titi. Jana'iza yau bayan azahar a ƙofar gidansu.

Abban Hanifa:
Allah ya jiƙanta. Shugaba, azahar ɗin wane masallaci?

Shugaban Zaure:
Ƙarfe 2 da rabi. Yanzu na fito daga wurin liman, na gaya masa akwai 'yarta da ta taso daga Wudil da ɗanta daga Zariya. Inna, an ce a zo a ɗauke ki.

Hajiya Inna:
Ga ni nan na sa mayafi. A ɗora ruwa.